Auren dole a fina-finan tarihin ƙasar Sin: dokokin da ke juya labarin

Duk wanda ya leƙa shagon caji da tura fim ranar kasuwa, a Gujungu ne ko Sara ko Shuwarin, ya san fina-finan Sinawa masu dogon zango sun samu gindin zama kusa da na Indiya. Wanda ya fi tafiya a wajen mata shi ne na zamanin sarakuna: 'yar babban gida an aurar da ita ga ɗan sarauta ko jarumin yaƙin da ba ta taɓa sa wa ido ba, a fara zama da gaba da zargi, so ya shigo daga baya. Ƙorafin masu kallo kuma kusan iri ɗaya ne. "Yo ita ba ta da baki ne, ta ce ba ta so mana." "Shi kuma tunda waccan yake so, ya ƙara da ita, ai namiji ne." Mai faɗin haka ya ɗauki tsarin aurenmu ne ya aza a kan nasu. Marubutan waɗannan fina-finai a kan tsofaffin dokokin ƙasarsu suke gina rikicin, kuma ba sa tsayawa bayani domin mutanensu sun san su. Wanda ya san dokokin nan zai ga cewa yawancin abin da yake ɗauka wauta ce ko ragwanta, dole ce.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne matan gidan. A tsohuwar Sin mace ɗaya tak namiji yake aura. Kundin dokokin daular Tang, wanda aka kammala da sharhinsa a 653 kuma daulolin baya suka yi ta gina nasu a kansa, ya yanke wa mai mata da ya sake auro wata aikin horo na shekara guda, a kuma raba auren. Sauran matan da kuke gani a sassan gidan ba kishiyoyi ba ne, ƙwaraƙwarai ne. Ita mata ana shigo da ita ta babbar ƙofa bayan an cika duk sharuɗɗan neman aure, danginta su zama surukan gidan. Ƙwarƙwara kuwa ta ƙofar gefe ake shigo da ita, sau da yawa da takardar ciniki, kuma danginta ba a lissafa su cikin surukai. Ba rabon kwana, ba rabon girki. Da safe ita za ta je ta gaida uwargida, ta zuba mata shayi, ta tsaya ita kuwa tana zaune. Dokar ta toshe hanyar sauya matsayi ma: wanda ya mayar da matarsa ƙwarƙwara, shekara biyu, wanda ya ɗaga ƙwarƙwara ta zama mata, shekara ɗaya da rabi, sannan a mayar da kowa gurbinta. Shi ya sa idan ɗan sarauta ya ce wa yarinya 'yar mutunci ta zo ya ajiye ta a gefe tunda an riga an yi masa mata, za ku ga ta ɗauki maganar a matsayin zagi. Zagin ne kuwa.

'Ya'ya ma sun rabu gida biyu, na mata da na ƙwarƙwara, kuma a nan sai an yi hattara domin fina-finan kan zuzuta abin. Wajen rabon dukiya, doka tun daga Tang har Ming ta ce a raba daidai tsakanin 'ya'ya maza, ko wacece uwarsu. Inda bambancin yake shi ne sarauta da jagorancin hidimar kakanni, waɗanda babban ɗan mata ke gada. A gidan talaka wannan ba wani abu ba ne. A gidan da ke da sarautar gado, shi ne komai. Sannan duk yaran gidan uwargida suke kira uwa, ita ke da hurumin tarbiyyarsu da zaɓa musu aure, mahaifiyar da ta haife su kuwa ba ta da ta cewa. To ku duba halin yarinyar da ƙwarƙwara ta haifa: makomarta tana hannun matar da ta fi kowa haushin uwarta. Idan kun ga jarumar fim tana lallaɓawa, tana ɓoye basirarta, tana neman kusanci da kakarta ta wajen uba, lissafi take yi. Kakar ce kaɗai a cikin gida maganarta ta fi ta uwargida nauyi.

Neman auren kansa matakai shida ne, sun zo tun a tsofaffin littattafan ladubbansu, kuma mai kallo daga Kano ko Jigawa zai gane yawancinsu ba wahala. Gidan namiji za su tura 'yar tsakani da kyautar buɗe magana, a al'ada dinyar daji, saboda tsuntsuwa ce da aka sani da riƙe abokin zama ɗaya da kiyaye lokacin ƙaurarta. Idan an karɓa, sai a nemi sunan yarinya da shekara da wata da rana da sa'ar haihuwarta, a rubuce a jar takarda. A kai wa mai duba ya gwada da na yaron. In ya ce taurari sun dace, a sanar da gidan mace. Sai a kai dukiyar aure, sai sa rana, sai ango ya je da kansa ya ɗauko amarya. Duban nan da rusunawar da za ku gani a gaba al'adarsu ce da addininsu na wancan zamani, mu kallo muke yi. Amma a wajen labari matakin duba yana da amfani ƙwarai, domin shi ne ƙofa ta ƙarshe da za a iya fita ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Gidan da ba ya so sai ya ce taurari ba su haɗu ba. Shi ya sa ake yawan nuna ana sayen mai duba da azurfa, ko ana sauya sa'ar haihuwa a takarda.

Da zarar an karɓi dukiya ko an yi musayar takardar alkawari, magana ta ɗaure. Dokar Tang ta ce gidan macen da suka janye bayan haka, sanda sittin, kuma auren yana nan. Gidan namiji kuwa in suka fasa ba hukunci, dukiyar da suka kai ce kawai ba za su karɓa ba. Rashin daidaiton a fili yake, kuma shi ne amsar masu cewa ta buɗi baki ta ƙi. Ƙin nata uban ne zai kwanta a tsakar kotu a dake shi, ƙannenta mata kuma su rasa manema, domin sunan gida ɗaya ne. Yarinyar da aka fasa aurenta ma, ko ba laifinta, darajarta ta faɗi a idon masu neman aure.

Daga nan ne dabarar musanya amarya ta fito, wadda marubuta ke so kamar me. An yi alkawari da 'yar uwargida, sai labari ya zo cewa angon gurgu ne, ko mugu, ko yana bakin mutuwa, sai a lulluɓe 'yar ƙwarƙwara a tura. Doka ta san da wannan ha'inci, ta sa wa gidan mace shekara guda, in gidan namiji ne suka yi a ƙara musu mataki ɗaya, auren da aka riga aka ɗaura kuma a raba shi. Saboda haka amaryar da aka musanya tana zaune ne da sirrin da zai iya rusa gidan ubanta, angon da ya gano ya yi shiru kuwa ya yi mata babban alheri tun kafin wata maganar so ta taso. Akwai kuma al'adar gaggauta aure don a kori cuta da farin ciki, inda ake kai amarya ga mara lafiya da fatan biki ya tashe shi. In bai tashi ba, ta zama bazawara a gidan da ba ta san kowa ba.

Wani wurin da tsarinsu ya yi hannun riga da namu shi ne auren zumunci. A nan ɗan wa da 'yar ƙane su ne farkon waɗanda ake haɗawa. A can haramun ne, domin duk masu sunan zuri'a ɗaya ba sa auren juna, kuma Tang ta sa wa kowannensu shekara biyu. Amma 'yar kawu, ko 'yar goggo, ko 'yar inna, tunda sunan gidansu daban, ana aurensu sosai a aikace. To duk lokacin da wata baƙuwa ta sauka a gidan ango aka ce 'yar 'yar'uwar mahaifiyarsa ce ta zo kwana biyu, ku sa mata ido. Uwar miji ce ta kawo tata.

In kuwa auren daga fada ya fito, wato sarki ya ba da shi da rubutaccen umarni, babanni suka zo suka karanta kowa na durƙushe, to ba mai duba ba 'yar tsakani da za su cece ka. Ƙin bin umarnin sarki laifi ne da kan iya cin gida duka. Sarakunan kuma ba don nishaɗi suke tsoma baki ba. Auren manyan gidaje ƙawance ne na siyasa, kuma sarki na tsoron gidan mai sojoji ya haɗu da gidan mai riƙe da ma'aikatun gwamnati. A 659 Sarki Gaozong na Tang ya hana wasu manyan zuri'o'i, irin su Cui da Lu da Zheng da Wang da Li, auren junansu, saboda sun mayar da kansu sun fi gidan sarauta asali. Hanin bai yi aiki ba, ƙara musu kwarjini ma ya yi. Daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, ta bi wata hanyar: bayan sarakunan farko, sai aka riƙa ɗauko matan sarki da mazajen gimbiyoyi daga ƙananan gidaje don kada surukai su yi ƙarfi. Wannan ne ya sa saurayi mai burin aiki yake baƙin ciki in aka ba shi gimbiya, abin da mai kallo kan yi mamakinsa. Ya samu daraja da albashi, amma hanyar babban muƙami ta ƙuntata, ga shi matarsa ta fi shi matsayi a cikin gidansa. Akwai kuma auren sulhu da maƙwabta, irin na Wang Zhaojun da aka kai wa shugaban Xiongnu, makiyayan da ke arewa da Sin, a shekara ta 33 kafin haihuwar Annabi Isa, da na Gimbiya Wencheng da aka kai Tibet a 641. Ko ɗaya daga cikin biyun ba 'yar cikin sarki ba ce, kuma yawanci haka ake yi, a ɗauko 'yar dangi ko wata daga matan fada a tura.

      Wajen kallo, kada a yi gaggawar wuce kashi biyar na farkon fim don babu soyayya a ciki, a nan ake shimfiɗa wa ya haifi wa. Mutum ɗaya yana iya amsa suna huɗu: sunan yanka, sunan girma da ake ba shi in ya balaga, sarautarsa, da lambarsa a jerin haihuwa, kamar a ce ta huɗu ko ta shida. Sunan zuri'a shi ke zuwa farko, kuma mace ba ta sauya nata bayan aure.

Ranar biki ita ce aka fi kashe wa kuɗi a fim, kuma tana nuna zamanin da ake ciki. Amarya mai koren kaya, ango da ja, tana rufe fuska da mafici, wannan salon Tang ne da ake yawan ba wa labaran zamanin Song ma. Jan kaya da jan mayafi da ya rufe kai duka, ango ya ɗaga shi da sandar ma'auni, ya fi zama na Ming da Qing. Maza masu askakken goshi da doguwar kitsa ɗaya a baya kuwa Qing ce, daga 1644 zuwa 1912. Da yawan fina-finan ma daular ƙirƙira suke yi, su ɗebo daga ko'ina, don kada masana tarihi su kama su. Ana ɗauko amarya a wani ɗan ɗaki na katako da maza ke saɓawa a kafaɗa, a yi rusunawa uku, ga sama da ƙasa, ga iyaye, ga juna. A ɗaki a raba duma gida biyu a ɗaure da jan zare, kowa ya sha giya a ɓari guda, a yanki gashin kowannensu a ƙulle wuri ɗaya. A kan gado ana watsa 'ya'yan itatuwa don fatan haihuwa, ciki har da wata 'yar'uwar magaryarmu mai ja da girma. In kun ga gyaɗa a gadon amaryar Tang ko Song, kuskuren masu shirya fim ne, domin gyaɗa daga nahiyar Amurka ta fito, sai a zamanin Ming ta isa Sin. Washegari amarya ta miƙa wa surukai shayi a durƙushe. Uwar mijin da ta bar ta riƙe da kofi mai zafi tana ta hira da wasu ta sanar da yaƙi ke nan. Rana ta uku a kai ta ganin gida, kuma ko ango ya raka ta ko bai raka ta ba, duk gari zai sani.

Kayan da amarya ta zo da su, nan ne ƙarfinta yake, kuma a ganina nan ne fina-finan kirki suka bambanta da na cika ido. Ba gado da akwatuna ba ne kawai. A zamanin Song, daga 960 zuwa 1279, 'yar babban gida takan zo da gonaki, da kantuna, da azurfa, da barorinta mata da maza, duk a rubuce a takardar da gidajen biyu suka gani. Doka ta cire abin da mace ta zo da shi daga dukiyar da 'yan'uwan miji za su raba. Miji ya taɓa shi ba da yardarta ba abin kunya ne, kuma a lokacin Song takan iya fita da kayanta in auren ya mutu. A 1303, ƙarƙashin daular Yuan, aka canza: wadda za ta sake aure ta bar kayan a gidan tsohon miji, Ming ma ta ci gaba da hakan. Yanzu ku duba labarin da ake yawan maimaitawa, na gidan sarauta mai suna amma bashi ya ci shi, ya nemo 'yar attajiri. Ana raina asalinta, ana cin kuɗinta. Ranar da aka miƙa mata makullai da littafin lissafin gida ana cewa an girmama ta, sau da yawa tarko ne, domin in ta buɗe littafin ramuka za ta tarar, ana jiran ta cike su da nata. Jarumar da ta san abin da take yi sai ta ƙi karɓa har sai an ƙirga komai a gaban shaidu, ta ajiye littafin kayanta daban, ta sa baranyar da ta zo da ita daga gida a kan ɗakin ajiya. Wannan ya fi mini duk wani faɗan takobi daɗin kallo.

Makoki ma yana juya labari. Rasuwar uba ko uwa na nufin zaman makokin da ake kira na shekara uku, a aikace wata 27. Ba aure a ciki, wanda ya yi dokar Tang ta ba shi shekara uku na horo. Ma'aikacin gwamnati ma ajiye aiki yake ya koma gida. Yarinya kan shiga layin aure ne da shekara 15, lokacin da ake bikin soka mata tsinke a gashi, don haka wata 27 ba ƙaramin jinkiri ba ne. Da tsoho ya fara tari sai ku ga gida ya rikice da neman sa rana.

Fita daga auren fa? Miji na da dalilai bakwai na saki: rashin ɗa namiji, zina, rashin hidimar surukai, yawan surutu mai haɗa faɗa, sata, kishi, da muguwar cuta. Kishi na ciki, ku lura, shi ya sa uwargida ke murmushi tana zaɓo wa mijinta ƙwarƙwara da hannunta, zuciyarta na ƙuna. Amma akwai katanga uku da suka hana sakin: in ta yi wa iyayensa cikakken makoki, in ta aure shi yana talaka ya yi arziki daga baya, in ba ta da gidan komawa. Saki ba dalili shekara ɗaya da rabi ne. Sai kuma rabuwa ta yardar juna, wadda doka ta halatta ba hukunci, kuma an samu ainihin takardun irinta a wani kogo na garin Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, da aka buɗe a 1900. Ita jarumai mata ke nema, ba saki ba, domin sakakkiya ta fita da tabo, wadda aka rabu da ita da yarda kuwa ta fita da mutuncinta. Yarjejeniyar nan da ango da amarya kan ƙulla a daren farko, cewa a zauna shekara ɗaya ko uku a rabu lafiya, a kan wannan ƙofa take dogara, kodayake a zahiri sai manyan gidajen biyu sun sa hannu, ba su biyu kaɗai ba.

Inda marubutan suka fi sa wa labari zuma shi ne alkawarin da jarumi kan yi cewa ba zai taɓa ajiye wata mace ba. Ga talaka wannan ba abin faɗa ba ne, dokar Ming ma sai ya kai shekara 40 ba ɗa namiji ta yarda ya ɗauki ƙwarƙwara. Ga mai sarautar gado kuwa alkawari ne mai tsada, domin in babu magaji sarautar na iya komawa wani reshe ko ta mutu, kuma uwarsa da dattawan zuri'a ba za su bar shi ya huta ba. An taɓa yi a gaske. Sarki Hongzhi na Ming, wanda ya hau mulki a 1487 ya rasu a 1505, ya zauna da matarsa Zhang ita kaɗai. Ɗansu namiji ɗaya ne ya rayu, shi ne Sarki Zhengde, shi kuma ya rasu a 1521 bai bar ɗa ba. Sarauta ta koma hannun ɗan ƙanen Hongzhi, wato Jiajing, wanda ya ƙi yarda a lissafa shi ɗan Hongzhi, ya dage sai an ɗaukaka nasa iyayen, aka shafe shekaru ana rigima a fada har aka yi wa manyan ma'aikata dukan da wasunsu suka mutu. Zhang ta ƙare rayuwarta a 1541 a gefe, ƙarƙashin sarkin da ba ya ganin girmanta, ɗaya daga cikin ƙannenta maza ya riga ya mutu a tsare, ɗayan kuma aka kashe shi bayan rasuwarta.